Taba, Lafiyar Jiki da Ciwon Saiwar Haƙori: Martani Kan Halin da Ake Ciki a Ƙasar Birnin Gwari

Wani marubuci da ya yi sharhi a kan lafiyar mutanen karkarar Birnin Gwari ya tsaya kai da fata a kan cewa ciwon da ke kama saiwar haƙori, wato wanda kan tara mugunya a ƙarƙashin haƙori har kunci ya kumbura, ba shi da wata alaƙa da shan taba ko da sauran cututtukan da mutum ke ɗauke da su a jikinsa. A ganinsa zaƙi da rashin yin asuwaki su kaɗai ke ɓata haƙori, iyakar ɓarnar sigari a baki kuwa ita ce ta sa haƙora su dafe, baki ya yi wari, kuma hujjar da ya dogara a kanta ita ce dattawan da suka tsufa suna zuƙar taba amma har gobe suna tauna goro da tsire da haƙoransu. Ya ƙara da cewa a ƙasar da ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, ɗora wa manomi zancen nikotin da sukarin jini ƙaƙale ne irin na likitocin birni, tunda maganin ruɓaɓɓen haƙori sananne ne tun kaka da kakanni: a cire shi a huta. Ra'ayin yana da daɗin ji, domin yana sauƙaƙa al'amari yana kuma wanke mai shan taba, sai dai ya saɓa wa abin da binciken likitancin haƙori ya nuna, kuma haɗarin aiki da shi ya fi tsanani a daidai wurin da marubucin yake ganin maganar ba ta da amfani.

Kafin a auna hujjojinsa ya kamata a san yadda haƙori yake da kuma inda ciwon yake zama. Farin ɓawon da ido ke gani a saman haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, a ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori wanda bai kai shi tauri ba, a can tsakiya kuma akwai wani ɗan rami mai ɗauke da tsoka mai laushi da jijiyar jin zafi da ƙananan hanyoyin jini, wadda za a iya kira ɓargon haƙori. Wannan rami yana gangarawa ta cikin saiwa kamar siririn bututu har ya fita ta wata 'yar ƙofa a tsinin saiwar, kuma ta wannan ƙofa ce kaɗai, tare da wasu 'yan ƙananan ƙofofi na gefe, jini ke shiga ya ciyar da ɓargon. Idan kogo ya ci haƙori har ya isa ɓargo, ko haƙori ya tsage, ko aka buge shi, ƙwayoyin cuta na baki sukan shiga su kumbura ɓargon, kuma da yake yana kulle cikin bango mai tauri ba shi da wurin buɗawa, sai ya shaƙe ya mutu. Daga nan ramin saiwa ya zama matattarar ƙwayoyin cuta, gubarsu ta riƙa tsiyaya ta ƙofar tsini zuwa cikin ƙashin muƙamuƙi, abin da ke haifar da ciwon da ake magana a kansa, wato kumburin tsinin saiwa.

A nan dole ne a ba marubucin gaskiyarsa, domin taba ba ita ke ƙirƙirar wannan ciwo daga babu ba. A 1965 Kakehashi da Stanley da Fitzgerald sun huda haƙoran ɓeraye iri biyu a Amurka, waɗansu na gama-gari, waɗansu kuma an raine su a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, sai ɓargon na gama-garin ya mutu ya tara mugunya, na sauran kuwa ya warke duk da abincin da ya riƙa cushewa a cikin ramin. A 1976 Göran Sundqvist na ƙasar Suwidin ya nuna irin wannan a haƙoran mutane da buguwa ta kashe wa ɓargo, inda aka sami ciwo a tsinin saiwa a haƙoran da ƙwayoyin cuta suka shiga ramin saiwarsu kawai. Saboda haka babu jayayya cewa ƙwayoyin cuta su ne tushen ciwon, kuma zaƙi da rashin tsabtar baki su ne babbar hanyar da ke buɗe musu ƙofa. Duk wanda ya kira mutane zuwa ga asuwaki da buroshi da rage alewa da lemon kwalba ya yi kira zuwa ga alheri.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Ramin da hoton ƙashi ke nunawa a tsinin saiwa ba ƙwayoyin cuta ne ke haƙa shi da kansu ba, jiki ne ke narkar da ƙashin wurin a lokacin da yake tura fararen ƙwayoyin jini su tare ƙofar, su hana cutar bazuwa. Ke nan ciwon fagen karo ne tsakanin abin da ke fitowa daga saiwa da garkuwar jikin mai haƙorin, kuma yadda karon zai ƙare, ko ciwon ya tsaya wuri guda shekaru, ko ya fashe ya bi wuya da ƙirji, ko ya cike da sabon ƙashi bayan an yi magani, ya dogara ne ga ƙarfin ɓangarorin biyu. Mutanen da ke zaune a gefen dajin Kamuku sun san cewa ashana guda ce ke tayar da gobarar daji, amma bushewar ciyawa da iskar hunturu su ke yanke nisan da wutar za ta ci. Marubucin ya tsayar da dubansa a kan abin da ke fara ciwon, ya yi watsi da abin da ke yanke girmansa da saurin warkewarsa, kuma a wannan ɓangare na biyu ne taba da ciwon suga da yunwa suke aikinsu.

Hanyoyin da hayaƙin taba ke bi sanannu ne. Nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da sigari, yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, kuma gaɓar da tun asali ta 'yar ƙofa guda take samun jini ita ce ta fi jin wannan tsukewa. Hayaƙin yana kuma ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ke manne wa himogulobin, jan sinadarin da ke dakon iskar oksijin a cikin jini, da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, don haka ɗan jinin da ya isa wurin ciwo ma yakan iso da ƙarancin abin da nama ke buƙata don ya farfaɗo. Fararen ƙwayoyin jinin da ke fara isa wurin cuta sukan yi rauni wajen gano inda ƙwayar cuta take da wajen haɗiye ta, ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama da masu gina ƙashi su yi sanyi, masu narkar da ƙashi kuma su ƙara kuzari. Shi ya sa karayar ƙashi da raunin tiyata suke jinkirin haɗewa a jikin mashaya taba, abin da likitocin ƙashi suka daɗe da sani, kuma babu dalilin da zai sa ƙashin muƙamuƙi ya fita daban.

Akwai kuma hanya ta biyu wadda ta rusa iyakar da marubucin ya shata tsakanin taba da kogon haƙori. Taba tana daga manyan abubuwan da ke jawo ciwon dasashi mai cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Binciken Tomar da Asma na 2000, wanda aka gina a kan babbar ƙidayar lafiyar jama'ar Amurka, ya nuna cewa masu shan sigari sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 4 wajen kamuwa da shi. Idan dasashi ya janye, wuyan saiwa yakan fito fili, kuma saiwa ba ta da farin ɓawon nan mai tauri, don haka kogo yakan ci ta da sauri ya kuma isa ɓargo ta gajeriyar hanya. Idan kuma aljihun da ke tsakanin dasashi da haƙori ya yi zurfi, ƙwayoyin cuta na iya bin gefen saiwa su shiga ɓargo ta ƙananan ƙofofin gefe ko ta tsini, ba tare da an ga kogo a saman haƙorin ba. Wato ko da an yarda da marubucin cewa sai ƙofa ta buɗe cuta ke shiga, taba tana cikin masu buɗe ƙofar.

Abin da hankali ya hango, ƙididdiga ta gwada shi. A 2006 Elizabeth Krall da abokan aikinta sun fitar da sakamakon bin diddigin maza 811 a birnin Boston, waɗanda aka riƙa ɗaukar hoton haƙoransu lokaci bayan lokaci, wasu har tsawon shekara 28, inda aka ga cewa masu shan sigari sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba buƙatar aikin wanke ramin saiwa da kimanin kashi 70 cikin 100, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan shekarun sha, yana raguwa da yawan shekarun da aka yi da dainawa. Wannan hawa da sauka tare da yawan sha yana da nauyi a wurin masana, domin yana daga alamomin da ake rarrabe sababi da dacewa kawai. A 2008 Segura-Egea da abokansa a ƙasar Sifen sun duba hotunan mutum 180, suka sami kumburin tsinin saiwa a haƙori aƙalla ɗaya a wurin kashi 74 cikin 100 na mashaya taba, da kashi 41 na waɗanda ba sa sha. Adalci ya sa a ambaci cewa binciken Jan Bergström na 2004 a Suwidin bai ga bambanci mai ƙarfi ba bayan an yi la'akari da shekarun mutanen, kuma hujjar taba a kan ciwon saiwa ba ta kai ta ciwon dasashi kauri ba. Sai dai tsakanin cewa masana suna muhawara a kan girman tasirin da cewa babu tasirin sam akwai tazara mai nisa, kuma marubucin ya tsallake ta ba tare da ya kawo ko bincike ɗaya ba.

Hujjar dattawa masu taba da cikakkun haƙora ita ce mafi rauni a cikin maganarsa, ko da yake ita ta fi shiga kunne. Kumburin tsinin saiwa sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan, domin jijiyar da za ta kai ƙara ta riga ta mutu, kuma wani nazari na 2021 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya ƙiyasta cewa kusan rabin manyan mutanen duniya, kashi 52 cikin 100, suna da shi a haƙori aƙalla ɗaya. Ba a ganin sa da ido a majalisa ko a bakin kasuwa, sai da hoton ƙashi. Bugu da ƙari, tsukewar hanyoyin jini tana hana dasashin mashayin taba yin ja da zubar da jini yayin asuwaki, wato tana ɓoye alamar farko da ke sa sauran mutane su farga, sai ya ɗauka bakinsa lafiya lau har ranar da haƙori ya fara girgiɗi. Sannan mai ƙirga dattawan da suka tsira ba ya ƙirga tsararrakinsu da suka koma cin tuwo da miya kawai tun suna da sauran ƙarfi, balle waɗanda ƙasa ta rufe.

Taba a ƙasar Hausa ba sigari kaɗai ba ce, kuma wannan wani gibi ne a rubutun da ake mayar wa martani. Akwai taba gari da ake cakuɗawa da kanwa a dasa a tsakanin leɓe da dasashi, akwai anwuru na shaƙa, akwai shisha da ta shigo hannun matasa, kuma a da mata sukan goga furen taba a haƙora tare da goro don ado. Taba gari tana zama ne a daidai wurin da take ƙona dasashi ta sa ya janye, kuma abin takaici shi ne yadda wasu ke cusa ta cikin kogon haƙori a matsayin magani, kamar yadda wasu ke ɗiga ruwan batir ko man fetur da nufin kashe tsutsar da suke zaton ita ke cin haƙorin. Zafin kan lafa, ko don wurin ya dushe ko don ɓargon ya ƙarasa mutuwa, sai a yaba maganin, alhali a lokacin ne ciwon ya koma saiwa. Kanumfari ya fi waɗannan sauƙi nesa ba kusa ba, domin man da ke cikinsa likitocin haƙori ma suna amfani da shi don kwantar da zafi, amma shi ma ba ya fitar da abin da ke cikin rami. Ƙidayar shan taba ta 2012 ta nuna cewa kashi 10 cikin 100 na mazan Najeriya manya suna amfani da wani nau'i na taba, mata kuwa kashi 1.1, kuma dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma duk wanda ya san teburin mai tireda a tasha ko a sansanin masu haƙar zinariya ya san cewa kara ɗaya-ɗaya ake saye.

Batun ciwon suga ya fi na taba fitowa fili. Sukari idan ya yi yawa a jini yakan kaurara bangon ƙananan hanyoyin jini, ya raunana fararen ƙwayoyin jini, ya busar da yawu wanda shi ne ke wanke baki yana kashe kaifin tsamin da ke cin haƙori, ya kuma jinkirta ginin ƙashi. Tun 1993 Harald Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida a jerin matsalolin da ciwon suga ke haifarwa, a 2003 kuma Fouad da Burleson suka nuna cewa aikin wanke ramin saiwa ya fi yawan gazawa a wurin masu ciwon suga idan akwai ciwo a tsinin saiwar tun kafin aikin. Binciken Segura-Egea na 2005 ya sami kumburin tsinin saiwa a wurin kashi 81 cikin 100 na masu ciwon suga da ya duba, da kashi 58 na waɗanda ba su da shi. Alaƙar kuma tana tafiya ta fuska biyu, domin mugunyar da ta taru a jiki tana hargitsa sukarin jini ta sa ya ƙi saituwa. Nazarin da Andrew Uloko na Kano da abokansa suka fitar a 2018 ya ƙiyasta masu ciwon suga a arewa maso yamma da kashi 3 cikin 100, adadin da ya fi na sauran shiyyoyi ƙanƙanta, amma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Ga irin waɗannan mutane, ƙurjin dasashi mai warkewa yana dawowa na iya zama alamar farko da za ta kai su ga gwaji. Taba da ciwon suga ma sukan haɗu a jiki ɗaya, tunda mashaya sigari sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da ciwon suga na manya da kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

Ba sai an je Boston ko Sifen ba kafin a ga tasirin lafiyar jiki a kan ciwon baki. A 1985 Adekeye da Cornah, daga sashen tiyatar muƙamuƙi da fuska na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna a lokacin, sun wallafa nazarin marasa lafiya 141 masu ruɓewar ƙashin muƙamuƙi, kuma cikin abin da suka tattauna har da dangantakar cutar da yadda jini ke isa ƙashin da kuma cututtukan da ke rage ƙarfin jiki. Amosanin jini, wanda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da shi kowace shekara a Najeriya, yakan toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma an sha samun ɓargon haƙori ya mutu a wurin masu shi ba tare da kogo ko buguwa ba, abin da ra'ayin zaƙi da asuwaki kaɗai ba zai iya bayyanawa ba. Mafi tsananin misali shi ne zaizayar baki, cutar da likitoci ke kira noma, wadda ke farawa da ɗan ciwon dasashi a bakin yaro mai tamowa ko wanda ƙyanda ta kayar, ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. An kafa mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ƙwayoyin cutar da ake samu a cikinta irin waɗanda ke zaune a bakin mutane ne, abin da ya bambanta shi ne jikin da suka tarar.

Inda marubucin ya yi shakkar masu cewa ciwon saiwa yana jawo ciwon zuciya, shakkarsa tana da gurbi. An ga cututtukan biyu suna yawan haɗuwa a mutum ɗaya, amma ba a tabbatar cewa ɗaya ke haifar da ɗaya ba, kuma mai yiwuwa taba da ciwon suga ne ke tsaye a bayan duka biyun, wanda hakan ma bai taimaki ra'ayinsa ba.

Saura maganar cewa wannan duka ƙaƙale ne ga mutanen da ke da manyan matsaloli. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne ta Buruku, kuma shekaru da dama wannan hanya da ta Funtuwa sun kasance cikin mafi haɗari a arewa, har matafiya sukan jira rakiyar jami'an tsaro. A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomi har da Birnin Gwari, a ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya a wasu sassa aka hana zirga-zirgar babura na wata uku, alhali babur shi ne motar asibitin mutumin Randagi da Kakangi da Kuyello da Dogon Dawa. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga, wanda ya kai ga Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin a Nuwamba 2024, ya sauƙaƙa tafiya, amma bai matso da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Asibitin Barau Dikko na Kaduna kusa da ƙauyukan daji ba, kuma irin waɗannan manyan asibitoci ne ke da likitocin tiyatar muƙamuƙi da kayan buɗe hanyar numfashi. Mazaunin birni mai shan taba idan saiwarsa ta kumbura yana iya ganin likita a yinin, don haka raunin garkuwarsa bai cika kai shi ga halaka ba. Manomin da ke bayan daji kuwa, wanda zai yi kwanaki kafin ya haɗa kuɗin mota ya sami hanya, garkuwar jikinsa ce kaɗai ke tsare shi a tsawon kwanakin nan, kuma duk abin da ya rage mata ƙarfi ya rage masa lokaci.

Abin da ake tsoro a cikin waɗannan kwanaki yana da suna. Saiwoyin turamen ƙasa na can baya suna gangarawa ƙasa da tsokar da ke shimfiɗe a ƙasan baki, don haka mugunyar da ta huda ƙashi daga gare su takan zuba cikin sararin da ke ƙarƙashin haɓa da harshe. Idan ta mamaye ɓangarorin biyu, wuya ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago ya koma baya, mutum ya kasa haɗiyar yawu sannan ya kasa numfashi, wannan shi ne ciwon da likitan Jamus Wilhelm Friedrich von Ludwig ya siffanta a 1836, wanda ake kira da sunansa har yau, kuma kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta fiye da rabin masu shi mutuwa suke yi. Yana iya kai wa ga haka cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ciwon suga yana daga cututtukan da aka fi samu a jikin waɗanda ya kama. Daga haƙoran sama kuma cutar na iya bin hanyar ido har ta kai jijiyoyin jinin da ke gindin ƙwaƙwalwa. Wanda ya gaya wa mai ciwon suga da ke nesa da asibiti cewa kumburin kuncinsa matsalar haƙori ce kawai ya ɗauki alhaki mai nauyi.

Ko maganin da marubucin ya yaba, wato cirewa, bai kuɓuta daga taba ba. Bayan an cire haƙori jini yakan daskare a cikin gurbin, kuma wannan gudan jini shi ne rufin ƙashi da harsashin sabon nama. Zuƙar sigari tana iya fizge shi, sinadaran hayaƙin kuma suna hana shi kafuwa, sai ƙashi ya zauna a buɗe, ciwo mai tsanani ya taso bayan kwana biyu zuwa huɗu, wanda sau da yawa ya fi na haƙorin da aka cire, kuma mashaya taba sun ninka sauran mutane wajen gamuwa da wannan busasshen gurbi. Shi ya sa likitoci ke hana shan taba na aƙalla kwana biyu zuwa uku bayan cirewa. Mai ciwon suga da sukarinsa ya hau kuwa gurbinsa yakan jinkirta warkewa ya kuma fi saurin ɗaukar cuta, balle idan wanzami ko mai cire haƙori na kasuwa ne ya yi aikin da ƙarfen da ba a dafa ba, ya karya haƙorin ya bar guntun saiwa a ciki, wato ya bar ainihin matattarar cutar. Haka nan kafso da ake saye a kemis ba ya warkar da ciwon saiwa, domin magani ta jini yake tafiya, mataccen ɓargo kuwa jini ba ya shiga cikinsa, don haka kumburi kan sauka na ɗan lokaci ya dawo, a hankali kuma ƙwayoyin cutar su saba da maganin. Tiramadol da sauran masu kashe zafi suna ƙara tsawaita jinkirin ne kawai. Waraka tana samuwa ne ta hanyar fitar da tushen, ko dai a wanke ramin saiwa a cike shi, ko a cire haƙorin gaba ɗaya da kayan aiki masu tsabta, a kuma tsaga a fitar da mugunya idan ta taru.

Abin da wannan bayani ke buƙata daga ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye ko a babban asibitin Jibril Mai Gwari da ke garin Birnin Gwari bai fi ƙarfin wurin ba, kuma wannan ya isa amsa ga zargin ƙaƙale. Tambayar mai kumburin kunci ko yana shan sigari ko yana dasa taba gari ba ta cin ko kwabo, gwajin sukari da ɗigon jini daga yatsa kuwa minti kaɗan yake ɗauka, kuma amsoshin biyu suna canza shawarar da za a yanke, wato wa za a yi wa aiki a sallama, wa za a fara saita wa sukari, wa kuma za a tura gaba tun hanya tana biyuwa da rana. Mashayin da za a cire wa haƙori a gaya masa dalilin barin taba a kwanakin farko, a kuma nuna masa cewa wanda ya iya kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana wata guda a Ramadan yana da abin farawa da shi idan ya yi niyyar dainawa, tunda binciken Boston ya nuna haɗarin yana sauka da shekarun dainawa. Wanda zafin haƙorinsa ya ɗauke da kansa bayan kwanaki na azaba, ko wanda ke da ɗan ƙurji a dasashi mai fitar da ruwa yana komawa, a sanar da shi cewa saiwar ta kamu kuma tana buƙatar aiki ko da ba ta ciwo. Wanda kuwa kumburinsa ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ko ya kasa buɗe baki, ko haɗiya ta gagare shi, ko muryarsa ta canza, ko zazzaɓi ya rufe shi, musamman in yana da ciwon suga ko amosanin jini ko mace ce mai juna biyu, a fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta a ɗora shi a mota zuwa Kaduna ko Shika a ranar, a zaune ba a kwance rigingine ba, tare da takardar da ke ɗauke da sakamakon gwajin sukarinsa da sunayen magungunan da ya riga ya sha.